Zauren Zane da Fasaha: Awara a Katin Ɗaurin Aure, da Sauran Tambayoyinku

Assalamu alaikum. Wasiƙun da suka shigo a wannan watan sun fi ƙarfin filin da edita ya ba ni, saboda haka na zaɓi guda biyar, na kuma rage tsawon wasu ba tare da na taɓa ma'anarsu ba. Waɗanda suka aiko da tambaya a kan wayar da ta faɗa ruwa ko batirin da ya kumbura su yi mini afuwa, wannan fagen masu gyara ne na kasuwar Farm Centre, kuma sun fi ni saninsa.

Tambaya ta farko daga wata malamar firamare ce a Gwammaja: "Malam, na kai aikin katin bikin 'yata wurin masu zane, na tura musu rubutun ta waya bisa ƙa'ida. Da katin ya fito sai na tarar duk inda ɗ ko ƙ take an sami wani ɗan akwati, a wasu layukan kuma harafin ya fito amma siriri, bai yi kama da 'yan'uwansa ba. Mai zanen ya ce laifin kwamfuta ne, wai ba ta san Hausa ba. Gaskiya ne?"

Malama, Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya. Maganar mai zanenki kuwa ba ta kama hanya ba. Kwamfuta ba ta san kowane harshe ba, lamba kawai ta sani, kuma akwai wani kundi na duniya mai suna Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, da ya ba kowane harafi lambarsa. Ɓ da Ɗ da Ƙ, manyansu da ƙananansu, duk suna da gurbi a cikinsa tun da daɗewa, shi ya sa rubutunki ya isa wayarsa lafiya lau. Inda gizo yake saƙar shi ne zubin haruffan da ya zaɓa, abin da masu sana'ar suke kira fon. Kowane fon wani ne ya zauna ya zana shi harafi bayan harafi, kuma mafi yawan masu jela da ƙawa da ake so a katin biki an zana su ne domin harsunan Turai, mai zanen bai taɓa jin labarin ƙ ba balle ya tanade ta. Idan manhaja ta nemi harafi a cikin fon ta rasa, ɗayan biyu take yi: ko ta ajiye akwati a gurbinsa, ko ta aro shi daga wani fon na dabam, wanda shi ne siririn nan da kika gani a tsakiyar kalma yana rarraba ido kamar wanda ya zo biki ba gayyata.

Akwatin nan har suna gare shi. Masu sana'ar a ƙasashen waje suna ce masa tofu, wato awara, domin ya yi kama da yankan da ake soyawa a bakin layi da la'asar. Kamfanin Google ya ɗauki nauyin zana wani babban gidan haruffa mai suna Noto, sunan ma daga nan ya samo asali, manufarsa kada a sake ganin awara a rubutun kowane harshe. Noto Sans da Noto Serif suna da haruffanmu duka. Haka nan ƙungiyar SIL mai nazarin harsuna ta fitar da Charis da Gentium da Andika, kuma tun da ke malama ce zan ja hankalinki ga na ƙarshen, domin an zana shi ne musamman saboda masu koyon karatu, haruffansa a buɗe suke, ba sa rikita yaro. Duk waɗannan kyauta ake sauke su, kuma lasisinsu ya yarda a yi aikin kuɗi da su. Arial da Times New Roman da ke cikin Windows na zamanin nan su ma suna da haruffan, sai dai ba su da ƙawar da amarya take so.

Ni ma na taɓa cin wannan awarar, kuma da zafinta. Shekarun baya da za a aurar da ƙanwata, ni aka ɗora wa aikin kati don ana ganin na san kan abin. Na zana a kwamfutata komai ya zauna daram, na kai wata maɗaba'a da ba zan ambaci sunanta ba, saboda gaggawa kuma ban tsaya an buga mini gwaji ba. Ashe kwamfutarsu ba ta da fon ɗin da na yi aiki da shi, sai ta musanya shi da wani. Washegari na karɓo kati 500, kowanne yana gayyatar jama'a zuwa "aurin aure" da akwati a gaba. Ni da ƙannena muka baje a tabarma da biro muna cusa Ɗ a cikin akwatunan har bayan isha'i, mahaifiyarmu tana wucewa tana cewa ai ga aikin masana. Tun daga ranar ba na ba da aiki sai na mayar da rubutun zane tukuna, abin da ake yi a manhajar zane ta CorelDRAW da maɓallan Ctrl da Q, domin da zarar harafi ya zama zane babu kwamfutar da za ta iya sauya shi. Wannan dabarar ita ce kuma mafita idan an nace sai fon mai ƙawa: a rubuta d ko k, a mayar da ita zane, sannan a ja mata lanƙwasarta da hannu daidai kaurin sauran. Aikin minti biyu ne ga wanda ya iya.

Abin da ba zan lamunta ba shi ne maganin da wasu suke yi, su shafe lanƙwasar gaba ɗaya su ce ai za a gane. Wani lokaci a gane, wani lokaci kuwa faɗa ya zama fada, baƙi su zama baki, wanda kuma ya rubuta allon asibitin ƙashi ya bar ƙ a tsaye ya san abin da ya tallata. Masu ɗab'in Zariya sun shekara da shekaru suna buga waɗannan haruffa a jarida da littattafan makaranta tun ana jera haruffan dalma da hannu, saboda haka ba dalili ba ne a ce yau da komai yake a kan yatsa sun gagara. A waya, a shiga saitin Gboard a ƙara Hausa, haruffan za su samu. Sai a lura da wani ɗan abu game da 'y: mu a Nijeriya da ɗan waƙafi a sama muke rubuta ta, 'yan'uwanmu na Nijar kuma suna rubuta ƴ, kuma kowanne daidai ne a wurinsa, amma kada a gauraya su a kati ɗaya.

Ta biyu daga wani ɗalibin ilimi ce a Madabo: "Malam, kakanmu ya bar waƙoƙin wa'azi da ajami, muna so mu buga su. Duk haruffan Larabcin da muka gwada a kwamfuta sai rubutun ya koma kamar jaridar Masar, dattawanmu suka ce ba nasa ba ne."

Malam, dattawan sun yi gaskiya. Hannun da kakanka ya koya a allo reshe ne na rubutun Magrib, kuma tafe yake da ƙira'ar Warshu, ya sha bamban da na gabas a abubuwan da ido yake fara kamawa. A wurinmu ɗigon fa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya gare ta a sama, alhali a rubutun gabas fa ce mai ɗigo ɗaya a sama, ƙaf mai biyu. Wanda ya tashi da Warshu idan ya ga fa ta gabas, ƙaf zai karanta. Ga kuma yamala, wadda ba a rubuta Hausa ba tare da ita ba, da harafin tsa mai ɗigo uku. A 2016 ne Unicode ya ware wa fa da ƙaf da nun irin na Afirka lambobinsu na kansu.

Abin da na fi murnar gabatar maka a wannan watan shi ne wani fon mai suna Alkalami, wanda SIL ta fitar, an kuwa zana shi ne a kan rubutun da ake yi a Kano da kewayenta har zuwa Nijar, wanda su kansu masu zanen suke kira Rubutun Kano. Yana da kaurin nan da nauyin tawada irin na alƙalamin kara, yana zaune a kan layi dam, kuma ranar da na fara buɗe shi a kwamfuta sai da na ji kamar ƙamshin zuge zai taso. Kyauta ne, yana cikin rumbun haruffa na Google. A ganina ya fi dacewa da baitoci da kanun magana, inda ake son harafi babba. Idan kuna da dogon sharhi da za a buga ƙanana, ku gwada ɗan'uwansa Harmattan, wanda shi ma domin ajamin Afirka ta Yamma aka yi shi amma ya fi shi sauƙin jiki. Kafin komai dai, ku shimfiɗa takardun kakan a inuwa ku ɗauki hoton kowace warƙa gaba da baya, ku ajiye a wuri biyu. Bugu zai iya jira, gara ba ta jira.

Wani mai koyon aikin ɗab'i a Fagge ya ce: "Shuɗin da nake gani a kwamfuta yana ƙyalli, idan an buga sai ya dushe, maigidana ya yi ta faɗa. Hotunan da masu aiki suke turo mini kuma suna fashewa a bana, wato babban ƙyallen talla."

Ɗan'uwa, kwamfuta da haske take yin launi, tana haɗa ja da kore da shuɗi, injin ɗab'i kuwa da tawada huɗu yake yi a kan takardar da ba ta da hasken kanta, kuma akwai launukan da haske yake iya yi tawada ba ta iyawa, musamman shuɗi da kore masu walƙiya. Ka fara aikinka a tsarin CMYK na tawada tun daga farko maimakon RGB na haske, ka nuna wa mai aiki gwaji a takarda kafin a buga dubu. Game da hoto, WhatsApp yana matse duk hoton da aka tura ta hanyar da aka saba, saboda haka ka ce su turo shi a matsayin fayil. Abin da za a riƙe a hannu, kamar kati ko kalanda, yana son ɗigo 300 a kowane inci. Bana da za a hanga daga tsallaken titi ba ta bukatar ko rabin haka.

Ta huɗu daga Kurna: "Malam, mu biyar ne, muna da labari mai dogon zango da muke so mu ɗora a YouTube, amma kuɗin hayar kyamara ya fi ƙarfinmu. An ce mana idan da waya muka ɗauka ba mai kallonmu. Mu haƙura ne?"

Samari, wanda ya faɗa muku haka ya manta yadda masana'antar nan ta fara. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a nan Kano a 1990, kuma ake lissafa shi a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da ya shiga kasuwa, a kaset aka ɗauke shi, wayar da ke aljihunku kuwa ta fi kyamarorin wancan zamani tsabtar hoto nesa ba kusa ba. A Amurka ma, darakta Sean Baker ya ɗauki cikakken fim da wayoyin iPhone 5s guda uku, aka nuna shi a bikin fina-finai na Sundance na 2015, bayan shekara goma kuma mutumin ya karɓi Oscar na gwarzon darakta da wani fim ɗin nasa. Ban kawo wannan don in ce waya daidai take da babbar kyamara ba. Ba daidai suke ba, musamman a duhu. Na kawo ne don ku san ba nan matsalarku take ba.

Abin da yake korar mai kallo shi ne sauti. Mutum zai jure hoto mai ɗan hazo, amma idan jaruma tana kuka ana jin janaretan maƙwabta da hon ɗin adaidaita sahu sun danne muryarta, zai wuce gaba kafin minti ɗaya. Idan kuɗinku na abu ɗaya ne, ku sayi ƙaramin makirfo na maƙalawa a wuyan riga, ku ɓoye shi a ƙarƙashin mayafi ko cikin wuyan kaftani yadda yadi ba zai riƙa gogarsa ba. Mutum ɗaya a cikinku ya sa abin ji a kunne, ba shi da wani aiki sai sauraro, kuma a ba shi ikon tsayar da ɗauka ko darakta bai so ba. A farkon kowace fitowa wani ya tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara, wannan tafin shi zai nuna wa mai tacewa inda zai haɗa murya da hoto. Idan an gama, kowa ya yi shiru na minti ɗaya a naɗi shirun ɗakin, domin kowane ɗaki da irin shirunsa, kuma da shi ake cike giɓi a wurin tacewa.

Sai haske. Ranar Kano ta tsakar rana tana zuba inuwa a kwarmin ido, tana ƙona farar shadda har zanen aikinta ya ɓace. Ku yi fitowar waje daga bayan asuba zuwa hantsi, ko bayan la'asar, abin da ya rage na tsakar rana a yi shi a zaure kusa da ƙofa, a sa wani ya riƙe farin kwali yana mayar da haske a fuskar mai magana. Akwai kuma wani saiti da mutane da yawa ba su sani ba. Wayoyi galibi suna zuwa a kan hoto 30 a daƙiƙa, wanda ya dace da wutar Amurka mai kaɗawa sau 60, tamu kuwa sau 50 take kaɗawa, shi ya sa ake ganin hoto yana ƙyafta ido ko wasu layuka suna gangarowa idan an ɗauka a ƙarƙashin wasu fitilu. Ku mayar da ita 25. Idan wayar ba ta yarda ba, manhajar Blackmagic Camera kyauta ce, tana ba da wannan damar a iPhone da wasu wayoyin Android. Kamfanin da ya yi ta shi ne mai DaVinci Resolve, manhajar tacewa da gyaran launi da manyan masana'antu suke aiki da ita, ita ma tana da zubin kyauta, sai dai tana son kwamfuta mai ƙarfi.

Tun da muna kan kyauta, bari in ɗan ratse. A bikin Oscar na Maris 2025, fim ɗin zane da ya yi nasara, Flow, daga Latbiya ya fito, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 2 ba, wato ba su kai na birnin nan ba. Labarin wata kyanwa ne a cikin ambaliya, babu kalma ko ɗaya ta ɗan'adam a cikinsa, an yi shi da Blender, manhajar da kowa zai iya saukewa ba ko sisi tun 2002, ya kuma kayar da na Pixar da DreamWorks. Na daɗe ina mamakin yadda muke da Gizo da Ƙoƙi da Botorami a hannu, har yanzu yaranmu zanen wasu suke kallo.

Abu biyu kafin ku ɗora. Fassarar da za ku sa a ƙasan hoto ku ba wanda ya iya harshen ya duba, domin an sha yi mana dariya a kan wannan. Sannan ku je Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda take aiki tun 2001, ku ji ƙa'idojinta tun kafin ku kashe kuɗin lokeshan.

Ta ƙarshe daga wani ɗan kasuwa ce a Kantin Kwari: "Malam, ina sayar da shadda da atamfa da leshi, ina da masu saye har Agadas da Yamai. Wani yaro ya ce zai buɗe mini shafin intanet, ya nuna mini samfuri mai hotuna suna yawo da kiɗa. Ya burge ni, amma ɗana ya ce ɓarnar kuɗi ce. Wa zan bi?"

Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Kowannensu yana da rabon gaskiya. Idan bukatarka ita ce tsofaffin abokan cinikinka su ga sabon kaya, WhatsApp Business yana da wurin jera kaya da hoto da farashi, ba ka biyan kowa, kuma can suke tun da ma. Shafi yana amfani ne idan kana son wanda bai san ka ba ya nemo ka, ko kana son wuri tsayayye wanda ba zai tafi ba ranar da aka rufe maka lamba.

Idan za a yi, to samfurin da ya burge ka shi ne ba za a yi ba. A kwamfutarsa ya nuna maka, mai sayenka kuwa a waya zai buɗe, da datar da ya saya da kuɗinsa, wataƙila a garin da sabis yake zuwa yana ɗaukewa. Yi lissafi irin naku na kasuwa: hoto ɗaya daga waya yakan kai megabait 4, idan aka jera 20 yadda suke an ɗora wa baƙonka megabait 80 kafin ya ga farashin yadi ɗaya. Hotunan nan za a iya rage kowanne zuwa kilobait 150 ba tare da ido ya ga bambanci a waya ba, musamman a tsarin WebP da Google ya fitar a 2010, sai duka ashirin ɗin su tashi a megabait 3. A shekarar ce kuma wani mai zane, Ethan Marcotte, ya bayyana dabarar gina shafi ɗaya da zai riƙa daidaita kansa da faɗin kowace fuska, ta waya ko ta kwamfuta, wadda yanzu ita ce ƙa'idar sana'ar. Kiɗa da hotuna masu yawo a cire su. Abin da mai saye yake nema shi ne hoton yadin na gaskiya, da sunansa, da yawan yadi, da farashi a rubuce a fili, da maɓalli guda da zai kai shi WhatsApp ɗinka kai tsaye. A ɗauki hoton kayan a inuwa da hasken rana, kada a ƙarƙashin fitilar shago, domin shaddar da ta fito ruwan toka a hoto ta isa Agadas tana ruwan ƙasa rigima ce. Rubutun ya kasance da Hausa mai lanƙwasa, a fon irin waɗanda na lissafa wa Malama a sama, tun da masu sayenka na Nijar Hausa ce ta haɗa ku.

Sai maganar da ta fi duk waɗannan, wato mallaka. Adireshin shafi haya ce da ake sabuntawa duk shekara, masu ƙarewa da .ng kuma ƙungiyar NiRA ce take kula da su ta hannun dillalan da ta amince da su. A yi rajistar da sunanka da imel ɗinka, kalmar sirri tana hannunka ko hannun ɗanka, a rubuta ranar sabuntawa a littafin shago. Na ga waɗanda suka yi shekaru suna buga adireshi a leda da kalanda, yaron da ya buɗe ya bar gari, adireshin ya mutu a hannunsa. Idan kuma ya sa maka kuɗi mai yawa na shaidar tsaro da wasu manhajoji suke nunawa da alamar kwaɗo a gefen adireshi, ka tambaye shi dalili, domin ƙungiyar Let's Encrypt tana ba da wannan shaidar kyauta.

Ranar da ya ce ya gama, kada ka duba aikin a kwamfutarsa. Ka karɓi wayar ƙaramin yaron shagonka, ka shiga can cikin layin da sabis yake wahala, ka buɗe shafin kana ƙirgawa a zuci. Idan ka kai goma farashin shadda bai bayyana ba, ka riƙe cikon kuɗinsa sai ya gyara.